Bidiyon Jana'izar Halliru

Labarin rasuwar Halliru ya iso ruga tun farkon mako, amma har ranar Alhamis ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Inna ce ta hana.

Wanda ya bugo da labarin shi ne Abdulƙarim, Babarbare ɗan Babura, abokin tafiyar Halliru zuwa wajen haƙar zinare can arewa da Agadas. Ya ce rami ne ya rufta. Sun tono waɗanda suka iya tonowa, Halliru na cikinsu, an yi masa sallah an binne shi a ranar. Shatu, matar Halliru, ita ta amsa wayar. Ta zo ta faɗa wa Inna a tsaye, ta koma ɗakinta.

Inna ta ce ba ta yarda ba, kuma tana da hujjarta. Bara waccan an aiko wa rugar maƙwabta irin wannan labari a kan ɗansu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, matarsa ta shiga takaba, aka raba shanunsa. Da kaka sai ga mutumin ya sauko daga kan babur da jaka a kafaɗa. Har yau ba ya gaisawa da ƙannensa.

"Ba za a raba kayan mai rai a gidan nan ba," in ji Inna. "Wanda ya ce yayanku ya mutu, ya nuna min."

Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Yayanku take cewa, ko da da baƙo take magana.

Baffa, ƙanin marigayi mahaifin su Halliru, ya je ya tambayi liman. Liman ya ce labarin mutum mai gaskiya ya isa. Da aka kawo wa Inna wannan, sai ta ce, "Liman ya san Abdulƙarim? Ni dai ban san shi ba." Daga nan Baffa bai ƙara ba. 'Yan uwa na Gwiwa da na Roni suna ta aiko tambaya ko su taho, shi kuma yana cewa su dakata.

Shatu ce ta fi kowa shan wuya. Ba ta cire 'yan kunnenta ba, amma ta daina sa kwalli. Ba ta kuka da murya, don kada Inna ta ji ta ce tana yi wa ɗanta mugun fata. Tana daka, tana tatsa, tana wanke ƙore kamar kullum. Ba a ce mata mai miji ba, ba a ce mata mai takaba ba.

Musaddiƙ, ƙanin Halliru, ya zo daga Kazaure, inda yake koyarwa tun dawowarsa daga karatu a Uganda. Halliru ne ya sayar da bijimai ya tura shi can. Ya zo da kaya kala biyu da kwamfutarsa ta hannu, wadda ba ya rabuwa da ita. Musaddiƙ ɗin ne ya sa Shatu ta sake kiran Abdulƙarim ta tambaye shi ko akwai wani abu da za a nuna wa tsohuwa.

Akwai, in ji Abdulƙarim. Wani ɗan Cadi ya ɗauki bidiyon jana'izar da wayarsa, tun daga haƙar kabari har rufewa, kuma an buɗe fuskar don mutanen gida. Ɗan Cadin zai tafi da wayarsa, amma kafin ya tafi za su kai wa mai shagon intanet na sansanin ya ɗora, a turo adireshin shafin da za a same shi.

Adireshin ya shigo wayar Musaddiƙ ranar Alhamis bayan azahar, yana tsaye bakin rijiya, inda ɗan sabis yakan leƙo ya koma. A ƙarƙashinsa Abdulƙarim ya rubuta cewa a yi sauri a sauke. Mai shagon yana goge duk abin da aka ɗora kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci, don ya sami wuri. Shi kuma Abdulƙarim zai bi mota zuwa wani sansanin, inda babu waya.

Bidiyon ya fi ƙarfin wayar Musaddiƙ, wadda ta cika, kuma gilashinta ya tsage. Ko da ta ɗauka, idon Inna ba zai ga komai a ɗan wannan gilashi ba. Sai a kwamfuta. Wannan ba wani aiki ba ne a wurinsa: a Kazaure kullum haka yake yi, ya kunna hotsifot, wayar ta ba kwamfuta intanet. Yana da data ta wata da ya saya kafin ya taho, ga kuma ragowar kati mai ɗan kauri a layin. Sabis kawai yake nema.

Ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗowa. Zuwa Babura da dawowa ba zai yiwu kafin ruwa ba.

Ya sami Shatu tana tankaɗe a bakin ɗakinta.

"Adda Shatu, ina ne sabis ya fi ƙarfi a nan kusa?"

"Tudun gawo," ta ce, ba ta ɗago ba. "Can nake kiran yayanka. Kamar yana tsaye a gabana nake jin sa."

"Ya isa a sauke abu mai nauyi?"

"Ni na san nauyin abin cikin waya? Kai ne ɗan Uganda." Ta buga gefen rariyar da tafin hannu. "Akwai ƙusa a jikin bishiyar, da ɗan buhu. Ka sa wayar a ciki. Kada ka tsaya kana ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho."

Ya kusa yin dariya. Tun da aka kawo ta gidan take tsokanarsa, kuma wannan ce tsokana ta farko tun zuwansa.

Ya juya zai tafi, ta ce, "Musaddiƙ."

"Na'am."

"In ka sauke, Inna za ta fara gani. Ni daga baya."

Ya bi ta cikin gero, wanda ya kai masa kafaɗa, ya haura tudun. Gawon yana tsaye shi kaɗai, ba ganye, kamar yadda yake yi da damina. Ga ƙusar, ga ɗan buhun gishiri da rana ta cinye. Ya duba wayar: sandunan sabis sun cika, abin da bai gani ba tun barinsa Kazaure. Bai tsaya duba komai ba. Ya kunna hotsifot, ya sa ta a buhun, ya zauna a gindin bishiyar ya buɗe kwamfuta a cinyarsa. Batirinta ya tsufa, amma da saura.

Shafin ya buɗe nan take. Akwai wurin latsawa biyu: ɗaya na saukewa, ɗaya na kallo.

Ya san wanda ya kamata ya latsa. Amma rami ne ya rufta wa mutumin. Bai san abin da ƙasa da duwatsu suka bari na fuskar ba, kuma ba ya so ya ajiye wa Inna abin da shi kansa bai gani ba. In ta lalace, zai san inda zai tsayar, ko inda zai sa hannu ya rufe. Data yana da ita, sabis ga shi a cike. Zai kalla, sannan ya sauke. Ya latsa na kallo.

Mai ɗaukar yana tafiya, hoton yana rawa. Yashi, da rumfunan leda, da jarkoki, da ƙarar janareta. Mutane sun rufe fuska da rawani, suna magana da harsunan da bai sani ba, jefi-jefi ana jin Hausa. Aka nuna masu haƙa suna karɓa-karɓa da shebur. An daɗe a wannan. Musaddiƙ bai tsallake ba, don gani yake kamar rashin kunya ne ya tsallake.

Sai aka kawo gawar a kan bargo, an naɗe ta da farin ƙyalle, da alama rawunna aka haɗa. Aka yi sahu. Wani dogo ya ja sallah. Iska tana kaɗa rigunansu, ba a jin kabbarar sosai. Da aka sallame, wani ya matso ya durƙusa wajen kai, Musaddiƙ ya gane muryar Abdulƙarim.

"Matso da ita. Ga shi nan, don mutanen gida su gani."

Hannu ya kama ƙyallen daga wajen haɓa ya fara ɗagawa. A daidai nan hoton ya dusashe, ya zama dabbare-dabbare kamar an shafa masa ruwa. Gemu ya fito, fari fat da ƙura. Baki a rufe. Hanci. Ƙyallen yana kan idanu tukuna. Sai komai ya tsaya, wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar fuskar.

Musaddiƙ ya jira. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, ya ja baya, ya karkata kai. Gemun irin na Halliru ne. Hancin ma haka. Amma a rugarsu kaɗai ya san mutum nawa masu irin wannan hanci. Zoben yana ta juyawa. Iskar hadari ta fara kwantar da geron ƙasan tudu.

Hannunsa ya yi abin da ya saba yi idan shafi ya maƙale: ya latsa a sake buɗewa. Fuskar ta ɓace. Shafin ya yi fari, aka rubuta cewa babu intanet.

Ya tashi ya ciro wayar daga buhu. Saƙonni sun taru. Na farko ya shigo tun lokacin da ya iso tudun, yana yi masa barka da zuwa Jamhuriyar Nijar, tare da bayanin yadda ake cajin intanet a ƙasar waje. Na biyu ya ce katinsa ya kusa ƙarewa. Na uku ya ce ya ƙare. Ya dubi saman gilashin. Sunan kamfanin da ke wurin ba na layinsa ba ne.

Ya gane abin da ya faru tun kafin ya gama karantawa. Tudun yana Najeriya, amma sabis ɗin da ke sauka a kansa daga tsallaken iyaka yake zuwa. Shatu da sim ɗin Nijar take kiran mijinta, wanda Halliru ya bar mata, kamar yadda duk matan da mazansu ke wajen zinare suke yi. Abu ne da kowa ya sani a rugar, har ba wanda zai tuna ya faɗa. Shi kuma tun yana Uganda ya buɗe wa layinsa damar aiki a ƙasar waje, don saƙon banki ya riƙa samunsa, bai taɓa rufewa ba. Datar wata da ya saya ba ta aiki a sabis ɗin wata ƙasa. Daga katin aka riƙa cira, da tsadar baƙo, tun daga shebur na farko.

Ya duba datar. Tana nan cif, ba a taɓa ko kaɗan ba. Ya nemi sabis ɗin gida da hannu, ya zagaya bishiyar, ya hau saiwarta ya miƙa hannu. Babu. Ya gwada lambar sayen kati ta banki, ta ƙi shiga. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin. Ya cusa kwamfutar cikin riga ya gangara da gudu.

Ruwan ya yi ta zuba har magariba. Ƙoramar da ke tsakaninsu da hanyar Babura ta cika ta batse. Baffa ya ce ko raƙumi ba zai haye ba, balle babur.

Inna ta aiko a kira shi. Tana zaune bakin gado da carbi.

"Saddiƙu, ka kawo?"

"Ban samu saukewa ba, Inna. Gobe da sassafe zan je Babura."

Ta dube shi. "To," ta ce.

Bai gaya mata ya kalla ba. Shatu ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta tsaya kamar za ta yi tambaya, ta fasa.

Da safe sai da rana ta ɗaga ruwan ya ja baya. Shi da wani mai babur da ya ɗauko suka tura mashin ɗin cikin taɓo har gwiwa, kwamfutar tana ɗaure a kansa cikin leda. Sun shiga Babura hantsi ya yi. Ranar Juma'a ce, gari ya fara cika.

Ya sauka a rumfar Muhsin mai cajin waya, kusa da tasha. Tare suka yi firamare. Rumfar tana da faifan sola a rufi, da allo cike da wayoyin mutane, kowacce da lamba a manne.

"Malam Musaddiƙ, daga wace gona?" in ji Muhsin yana kallon wandonsa. "Ko Turawan Uganda ne suka ce taɓo na gyara fata?"

"Ba Turawa a Uganda. Ba ni soket."

Muhsin ya ga fuskarsa, ya cire wata waya ya ba shi wurin. "Na ji labarin Halliru. Ban zo ba ne don an ce tsohuwa ta ce a dakata."

"Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya faɗa masa a taƙaice yana haɗa wayoyi. Da ya zo kan tudun gawo, Muhsin ya girgiza kai.

"Wannan tudu ya ci mutane da yawa. Ƙasarsa tamu ce, samansa na masu sefa. Wani dillalin awaki ya kwana biyu yana zagina wai katin bogi na sayar masa." Ya miƙo hannu. "Kawo wayar in ɗora maka a kan kwano, ta fi kamawa a can."

Ya taka benci ya ajiye ta a gefen faifan sola, ya tokare da dutse. Wannan karon Musaddiƙ ya sa an karanta masa sunan kamfanin da ke saman gilashin kafin ya taɓa komai. Na gida ne. Kwamfuta ta kama. Shafin ya buɗe a hankali, bidiyon yana nan. Ya latsa na saukewa.

Wani siririn layi ya fito a ƙasan gilashin, ya fara cika kamar ana ɗiga ruwa a tulu.

"Me ya sa yake rarrafe haka?"

"Juma'a ce," in ji Muhsin. "Duk ƙauyukan nan sun shigo, kowa da waya a kunne. Ruwan jiya kuma ya taɓa ƙarfen sabis. Ko ni tun safe kuɗin mutane ke maƙalewa."

Musaddiƙ ya duba ya ga kwamfutar ma ta fara jan nata kayan sabuntawa a ɓoye, tana raba ɗan abin da ke shigowa. Ya kashe wannan. Ya rufe duk wani abu da ke buɗe. Layin ya ɗan ƙara sauri, ya sake lafawa.

Ya yi tunanin ya buɗe na kallo ya tsallaka kai tsaye zuwa wurin fuskar ya ɗauki hoto. Ya gwada. Zoben ya yi ta juyawa a kan baƙin gilashi, layin saukewa kuma ya tsaya cak. Ya rufe da sauri. Layin ya ci gaba.

Ya karɓi wayar Muhsin ya kira Abdulƙarim, ko zai roƙi mai shagon ya ƙara musu lokaci. A kashe. Ya sake kira. A kashe. Lambar mai shagon kuwa ba wanda ya ba shi.

Mutane suna zuwa karɓar wayoyinsu. Wani tsoho mai sayar da igiya ya leƙo ya tambaya ko ƙwallo ake kallo. Muhsin ya ce masa, "Baba, aikin gwamnati ne, a matsa." Wata mai fura ta ajiye ƙwarya a inuwar rumfar, Muhsin ya saya wa Musaddiƙ, furar ta zauna har ta tsinke bai taɓa ba.

Layin ya kai rabi. Ya wuce rabi. Masu shaguna suka fara jawo ƙofofi. Yara suna wucewa da dardumai a ka.

"Wataƙila mutumin ya manta yau," in ji Muhsin. "Ko ya makara. Masu shago ba su da alƙawari, ni shaida ne."

Lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka fara gwada ta. Layin ya tsaya. Musaddiƙ bai taɓa komai ba. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya jira. Can sai rubutu ya fito a ƙarƙashin layin cewa saukewa ta gaza. Ya latsa a ci gaba. Ta gaza. Ya buɗe adireshin a wayar Muhsin. Shafin ya buɗe da sauri wannan karon, ya ce abin da ake nema babu shi, mai shi ya cire.

Abin da ya sauka yana nan a kwamfutar, guntu. Ya gwada buɗe shi da duk abin da yake da shi. Ya ƙi. Muhsin ya kira wani mai tura finafinai a waya daga rumfar gaba, ya zo ya duba, ya ce irin wannan in bai cika ba, ba ya buɗuwa, ko a Kano.

Muhsin ya sauko masa da wayar daga kan kwano. Ta yi zafi.

"Tashi mu je masallaci," ya ce. "Ka bar kayan a nan, zan kulle."

Bayan la'asar ya isa ruga. Inna tana tsakar gida a kan tabarma tana gyaran zogale a faifai. Baffa yana zaune a kan turmi da aka kifa. Shatu tana bakin ɗakinta. Da alama tun da suka ji ƙarar babur suka zauna haka.

Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe su. Bai buɗe jakar kwamfutar ba.

"Inna, an goge shi kafin ya gama sauka. Babu shi kuma."

Hannun Inna bai daina tsinke ganye ba.

"Amma ni na kalla," ya ce. "Jiya, a tudu."

Hannun ya tsaya.

"Jiya ka ce ba ka samu ba."

"Saukewa ce ban samu ba. Na fara kallo ne don in san abin da zan nuna miki. Kafin in sauke, katin ya ƙare."

"Wa ya ce ka riga ni?"

Baffa ya gyara zama ya ce, "Yaron nan da kyakkyawar niyya—"

"Ban tambaye ka ba, Baffansu." Ta ture faifan gefe. "Faɗa min abin da ka gani. Kada ka gyara."

Ya faɗa mata. Yashin, da rumfunan leda, da masu haƙa.

"Kabarin ya yi zurfi?"

"Ya yi. Sun daɗe suna haƙa."

"Da me suka rufe shi?"

"Farin ƙyalle. Kamar rawunna suka haɗa."

"Mutane sun tsaya masa?"

"Sun tsaya. Sahu ya yi tsawo."

"An yi masa wanka?"

Ya tuna ƙurar da ke gemun. "Ban ga wannan wurin ba."

Inna ta gyaɗa kai, kamar wannan amsar ce ta fi yarda da ita. Sannan ta ce, "Fuskar fa?"

"An buɗe."

"Ta lalace?"

"Ba ta lalace ba."

"Shi ne?"

Musaddiƙ ya dubi tabarmar. Tun jiya yake ƙoƙarin dawo da hoton a kansa, kuma duk lokacin da ya dawo da shi, sai ya ga ya ƙara kama da Halliru. Bai sani ba ko idonsa ne ke tunawa, ko zuciyarsa ce ke cike gurbin. Gemu, baki, hanci, da ƙyalle a kan idanu. Abin da yake da shi ke nan. Ya san muryar Abdulƙarim, kuma bai ga dalilin da zai sa mutum ya durƙusa gaban gawar wani ya yi ƙarya ba. Ya kuma san cewa in ya ce bai tabbata ba, babu wani bidiyo da zai sake zuwa, kuma babu ranar da za a ce an gama jira.

Ta gefen ido yana ganin ƙafafun Shatu a bakin ƙofa. Ba su motsa ba.

"Shi ne, Inna."

"Dube ni ka faɗa."

Ya ɗago. Idanunta sun yi fari-fari da tsufa, amma suna kansa.

"Shi ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Wata saniya ta yi kuka a garke. Can ta sauke ido.

"Ni ban gani ba," ta ce. "Kai ka gani. Idan an tambaye ni, ranar da ake tambaya, zan ce Saddiƙu ne ya faɗa min. Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

Ta yi salati a hankali, ta faɗi abin da ake faɗa idan an yi rashi. Baffa ya maimaita. Sannan ta juya wajensa.

"A aika Gwiwa da Roni. A gaya wa liman. Tabarmin suna bayan rumbu, a kakkaɓe su, ruwa ya taɓa na ƙasa."

Baffa ya tashi. Inna ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ƙi hannun da Musaddiƙ ya miƙa mata. Ta taka a hankali har bakin ɗakin Shatu, ta tsaya a kanta.

"Shiga ciki, 'yar nan," ta ce. "Yanzu kya iya."

Shatu ta shiga. Inna ta bi ta, ta saki labule. Sannan kukan ya fito, na mutum ɗaya.

Musaddiƙ ya kai jakar ɗakin da yake kwana ya ajiye. Ya zagaya bayan rumbu, ya tarar Baffa yana fama da ɗaurin tabarmi, igiyar ta jiƙe ta ƙi kwancewa. Ya durƙusa ya sa haƙori ya kwance. Suka ɗauka, shi da gefe ɗaya, Baffa da ɗaya, suka fita da su ƙofar gida.